Man Auta da Fuskar Yaya

Asabar, 1 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Ba man nawa ba ne. Bari in fara rubuta wannan tun kafin komai, tunda yau bakina ya kasa faɗa.

Yaya ta zo da sassafe kafin in buɗe shago, kamar yadda ta saba duk wata, in yi mata halawa a saman leɓe da ƙasan gira. Ita ce mai gabatar da shirin mata na safe a talabijin, kuma ba ta yarda kyamara ta kama mata ko silin gashi ɗaya. Na dafa sukarina da lemon tsami yadda na saba, na gwada ɗuminsa a wuyan hannuna, na manna a leɓe na fizge. Ta ce wash, na ce haba Yaya, sai ka ce yau kika fara. Na koma gira na fizge. Sai da na dubi halawar a hannuna na ga ba gashi kaɗai ta ɗebo ba, har da fata. Ƙasan girar ya yi ja jawur yana sheƙi, leɓen ma haka.

Shekara da shekaru ina wannan sana'a, ban taɓa saɓule wa kowa fata ba.

Ta daɗe tana kallon madubi. Sannan ta ce, "Auta, kin kashe ni." Ta juya ta dubi kantar da na jera kwalaben man da nake haɗawa, ta ce, "Me kika canza a man nan?"

Na ce, "Wallahi Yaya ban canza komai ba. Kaɗanya ne da zaitun da habbatussauda, kamar kullum."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta fita, ko jakar hannunta sai da na bi ta da ita mota.

Lahadi, 2 ga Maris, da azahar

Ba ta ɗaga waya. Ba man nawa ba ne.

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na kunna talabijin ɗin shago don kawai na saba. Wata yarinya ce a kujerar Yaya, fuska sumul, tana ta washe baki tana cin tuntuɓe da kalmomi. A kan teburin da Yaya take ajiye kwalbata, an sa fulawar roba.

Kwalbar nan ita ta gina shagon nan, ba zan ɓoye ba. Tun bara Yaya take ɗaga ta a shirin tana cewa, "Ni dai ba na shafa komai sai man ƙanwata." Mata suka yi ta zuwa, don kowa ya ga yadda layukan goshinta suka kwanta, ita da ta haura hamsin. Har hotonta na sa aka wanke mini babba na rataye a bango.

Maƙwabciyata mai shagon yadi, wadda muke kira Rediyo, ta leƙo da kofin shayinta. Ta dubi talabijin, ta dubi hoton, ta dube ni.

"Yau ina mutuniyar tamu?"

Na ce mura take yi.

"Mura? Ikon Allah. Murar da ake rufe wa fuska da mayafi ranar Asabar da sassafe?"

Matar nan ko ƙuda ya gifta layinmu sai ta san daga gidan da ya fito.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Inna ta kira. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Ke Auta, me kika zuba wa yayarki a mai? Ta ce ya cinye mata fata, ya mai da ita kamar ɓawon albasa."

Wato abin da Yaya take faɗa ke nan. Ba ta ce halawa ta yi zafi ba, ba ta ce tsautsayi ba. Man ta kama. Man da nake shafa wa 'ya'yana tun suna jarirai!

Mata biyu sun dawo da kwalabensu yau. Ɗaya ta ajiye a bakin ƙofa da ɗan yatsa biyu kamar ta ɗauko mataccen ɓera. Ɗayar kuma, wadda ta shafe rabin kwalba fuskarta na ta ƙyalli, wai tun jiya take jin ƙaiƙayi. Na ce ƙaiƙayin a kunne ya shiga.

Baban yara ya tarar da ni ina huci a kicin, ya ce, "Uwar mai, yau kuma wa za a soya?" Na ce in bai fita ba shi ne. Ya fita.

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Dole in rubuta wannan.

Na je gidan Yaya da auduga da ruwan gishiri, na ce ko ta ƙi ko ta so sai na duba ciwon. Ta bar ni na shiga. Ɗakin duhu, labule a sake. Wurin ya fara ɓawo, gefensa ya yi baƙi. Ta zauna a bakin gado ina gogewa. Na tashi in ɗauko almakashi a gaban madubinta, na ture kwalbar turare, sai ga shi a baya. Wani ɗan mai a mazubi irin na man goge baki, an matse shi an naɗe gindinsa har wuya. Retinol. Mai ƙarfin ma, ba na masu farawa ba.

Duk mai wannan sana'a ta san shi. Man kemis ne da ake shafawa da dare don ya kwantar da layukan tsufa. Yana sa fata ta riƙa sabunta kanta da sauri, saman ya yi laushi, ya zama marar ƙwari. Mai shafa shi ba a kai mata halawa kusa da fuska sai ta huta da shi tukuna, in ba haka ba fatar ta biyo hannu.

Na ɗaga shi na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Ajiye mini kayana."

"Tun yaushe?"

"Na ce ki ajiye."

"Kin kusa shanye shi! Kullum kike shafawa ko? Shi da ake ɗiga kamar ƙwayar wake, a tsallake kwana? Kuma kika zo kika kwanta mini a kujera kika yi shiru?"

Sai ta ɗago. "Ke kin san abin da ake ce mini a wurin aiki? Kin san yadda ake haska mutum da fitila a ce ɗan ɗaga haɓa, Hajiya, wuyan yana fitowa?"

"To ni na ce musu su faɗa? Ki gaya wa Inna gaskiya. Ki gaya wa mutane ba man nawa ba ne."

"In fito in ce shekara guda ina yi wa mata ƙarya a talabijin? Da wace fuskar?"

Na so in ce da wadda ta rage. Allah ya rufa asiri na haɗiye. Na jefa mazubin a jakata a kan idonta na fito, ba ta hana ni ba.

Asabar, 8 ga Maris, da hantsi

Mazubin retinol ɗin yana cikin durowar teburina, ƙarƙashin tawul. Na buɗe na duba shi ya fi a ƙirga, kamar zai gudu.

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Na biya wurin mai kemis na bakin titi, na ce wata kwastoma ce abin ya samu. Ya ce ai sananne ne. Ya ce ta dakata da retinol sai wurin ya warke sarai, ta guji rana, ta riƙa shafa man kariyar rana, in ba haka ba tabon zai yi baƙi ya daɗe. Na ce man kaɗanya fa? Ya ce yana da kyau, yana tausasa fata, yana rage bushewar da retinol ke kawowa.

Da ya tsaya nan da mun rabu lafiya. Sai ya ƙara da cewa, "Amma fa Hajiya, mai ba ya goge layin tsufa. Laushi yake sawa kawai."

Wa ya tambaye shi?

Na dawo shago na tsaya gaban hoton Yaya. Goshin nan da nake nuna wa mata da alfahari, ashe aikin wani ne, ni da karɓar yabo. Yanzu kuma ɓarnar wani, ni da shan duka. Duk ta inda na juya abin haushi yake ba ni.

Talata, 11 ga Maris, bayan magariba

Na ba Baban yara labari duka. Ya saurara har ƙarshe, abin da ba halinsa ba. Sannan ya ce, "To amma ke da nake ji kina titsiye kowace mata kafin ki taɓa ta, kina shafa wani abu da dare, kina shan wani magani, ita kin tambaye ta?"

Na ce yayata ce.

Ya ce, "Na sani. Kin tambaye ta?"

Na ce abincinsa yana kan tebur.

Ana tambayar yaya irin wannan? Matar da ta fito gaban duniya ta ce man ƙanwarta kaɗai take shafawa, ni kuma in dube ta in ce, Yaya, tsakaninki da Allah? Ai zagi ne. Gaskiya watannin baya na ga gefen hancinta yana ɗan saɓa. Na ce sanyi ne. Kowa ma gefen hancinsa yana saɓa.

Ba zan sake rubuta komai a kan wannan ba.

Alhamis, 13 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Mutum ɗaya ta shigo yau, ita ma hanyar gidan tela take tambaya.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Asabar ce fa, ranar da a da ko zama ba na samu. Rediyo ta shigo da mata uku, tsofaffin kwastomomina, suka zauna a benci kamar masu zaman kotu.

Rediyo ta ce, "Ƙawata, mu naki ne. Magana ta yi yawa a gari. Wasu na cewa sinadarin bilicin kike zubawa, wasu na cewa man ya lalace kika ƙi zubarwa. Ki faɗa mana gaskiya mu san abin da za mu kare ki da shi."

Ɗaya daga cikinsu, malamar makaranta, mace mai hankali, ta ce, "Ni har yanzu ina shafawa, ban ga komai ba. Amma ƙanwar mijina ta hana 'yarta. In akwai wani dalili, ki faɗa, mu ma hankalinmu ya kwanta."

Hannuna yana kan durowa. Na ma jawo ta kaɗan, ina ganin gefen tawul. Abu ɗaya zan ɗora a kan tebur, kafin la'asar Rediyo ta kai shi kowane gida, kafin magariba ya isa gidan talabijin. Sunana ya wanku tas.

Sai na tuna yadda Yaya ta ce ɗan ɗaga haɓa, Hajiya. Na mayar da durowa.

Na ce, "Tsautsayi ne. Man lafiyarsa ƙalau."

Rediyo ta taɓe baki ta ce, "To, Allah ya kyauta." Suka tashi. Ni kuma na zauna ina zagin kaina, don ba wanda ya sa ni. Ba tausayi na ji ba, kada ma wani ya ce tausayi ne. Haushi na ji, har wuya.

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Na je wurin Inna da niyyar in fasa ƙwai. Ashe ta sani. Yaya ta gaya mata tun makon jiya, kuma Inna ba ta ga dalilin kirana ta ce Auta yi haƙuri na zarge ki ba.

Na ce, "Inna, shagona ya mutu fa."

Ta ce, "Ba zai mutu ba. Ke kina da miji, kina da sana'a a hannu. Ita kujerar nan ce kaɗai ta rage mata. Yarinyar nan da aka sa a kujerarta, tun kafin wannan abu aka kawo ta, kin sani?"

Ban sani ba. Ba wanda ke gaya mini komai sai in an zo neman wanda zai ɗauki laifi.

"Ita ta goye ki, Auta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

Na ce, "To ni ba hannu ba ce? Ni ƙafar wa ce?"

Inna ta yi dariya har da tari, ta ce tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma. Haka aka rufe shari'ar. Babba ta yi laifi, ƙarama ta yi haƙuri, kowa ya watse.

Laraba, 19 ga Maris, da hantsi

Mai babban kantin kayan shafa da ke karɓar kwalabena ya aiko a dawo mini da su a kwali. Ya ce in ƙura ta lafa ma yi magana. Na jera su a ƙasan kanta, don saman ya cika.

Juma'a, 21 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Yaya ta kira! Ita da kanta.

Ta ce ciwon ya rufe, saura tabo, kuma mai kwalliyar gidan talabijin ta ce hoda za ta ɓoye shi. Sun yarda ta koma ranar Litinin, su gani. Muryarta a sanyaye. Ta ce, "Auta, na san abin da kika yi mini. Inna ta gaya mini kin yi shiru. Ki kalli shirin, zan yi magana a kan abin."

Na ce, "Da gaske, Yaya?"

Ta ce, "Ki dai kalla."

Na ajiye waya na yi kuka kamar wata sakarya. Sannan na share shago, na goge hotonta da tsumma, na leƙa na gaya wa Rediyo ta sanar da mata su zo Litinin da safe mu kalla tare. Ta ce an gama. A irin wannan aiki ba ta da na biyu.

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Shagon ya cika har bakin ƙofa. Na dafa shayi, na aro kujeru daga wurin Rediyo.

Yaya ta fito da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Ba ka ganin tabon sai in ka san inda yake. Ta gode wa masu kallo da addu'o'insu. Sannan ta haɗa hannu a kan tebur, ta dubi kyamara, ta ce:

"'Yan'uwana mata, abin da ya same ni darasi ne. Ku yi hattara da mayukan da ake haɗawa a gida, ko da na kusa da ku ne ya haɗa. Niyya mai kyau daban, sani daban. Ni na yafe, amma ku ku kiyaye."

Ta yafe.

Ba wadda ta yi motsi a shagon. Malamar makaranta ta sunkuyar da kai tana juya cokali a kofi. Rediyo, Rediyo fa, ta tashi da kanta ta kashe talabijin, ta ce wa matan, "To ku tashi mana, me kuke jira?" Suka fita ɗaya bayan ɗaya, wasu na cewa sannu, kamar an yi mini rasuwa. Ni na gayyato su. Ni na dafa musu shayi su zo su ji.

Na buɗe durowa. Na rufe. Yanzu in na fito da shi ma wa zai yarda? Za a ce ƙanwa ce ta ji haushi ta sayo ta matse.

Litinin ɗin dai, ƙarfe biyar na yamma

Na sauke hoton. Bangon ya fi ko'ina haske a wurin, sai na jingina kwali ya rufe.

Baban yara ya zo ɗaukata, ya ga idona, bai yi wasa ko ɗaya ba. Ya ce, "Mu je gida." An ci moriyar ganga, shi ke nan.

Talata, 25 ga Maris, da azahar

Inna ta kira ta ce an bar wa Yaya kujerarta. Na ce madalla. Ta ce in kira in yi mata murna. Na ce wayata ba caji, alhali a kanta muke magana.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Ina haɗa kwalabe a kwali aka ƙwanƙwasa ƙofar baya, wadda nake fitar da shara. Yaya ce, da baƙin tabarau da mayafi.

Ba ta zauna ba. Ta cire tabarau. Ba hoda a fuskar, kumatun sun bushe suna farin saɓa, gefen baki ya tsage. Hodar da suke lafta mata kullum ta ƙara ƙona wurin.

Na ce, "Kin koma shafa shi."

Ta ce, "Kaɗan." Sai ta ƙara da cewa, "Duk abin da na sa yaji yake mini, Auta. Naki ne kaɗai ba ya yi."

Na tsaya ina kallonta. Maganganun da na kwana uku ina jerawa a raina, da wanda zan fara da wanda zan rufe da shi, ko ɗaya bai fito ba. Abin da ya fito shi ne, "Ki dakata da wancan sai kin warke. In kin koma, ki tsallake kwana biyu, ki jira ya shiga sannan ki bi da wannan. Kuma kada ki sake fita rana haka."

Ta ce to. Na ɗauko sabuwar kwalba na miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Ta dubi takardar da ke manne a jiki, inda aka rubuta Man Auta da jan rubutu.

"A jaka zan riƙa zuwa da shi wurin aiki," in ji ta, idonta a ƙasa. "Ko za ki cire mini wannan?"

Na ce, "Yaya."

Ta ce, "Don Allah."

Na shiga ciki na ɗebo ruwan ɗumi a roba, na tsoma kwalbar, muka tsaya mu biyu muna kallonta. Na ɗauka sai na kankare da wuƙa. Ina sa farce, sunan ya taso gaba ɗaya ya biyo hannuna. Na goge kwalbar da tawul na ba ta, ta sa a jaka, ta fita ta ƙofar da ta shigo.